Kafin Ka Ce Kwamfutarka Ta Haukace

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wata 'yar matsala wadda ga ido ƙarama ce, amma ta sha raba bayin Allah da kuɗinsu, ta kuma sha ɓata wa mutane takardunsu, watau matsalar maɓallan kwamfutar tafi-da-gidanka da kan tashi rana tsaka su ƙi bin umurnin mai su. Ka danna wannan harafi wani ya fito, ko lamba ta fito a gurbin harafi, ko ka danna sau ɗaya ya zubo sau goma, ko kuwa maɓallin ya yi kunnen uwar shegu da kai gaba ɗaya. Da zarar haka ta faru, abin da akan ji daga bakin mai na'ura shi ne, ai ta haukace, ko kuwa ƙwayar cuta ta shige ta. Daga nan sai neman mai gyara.

Bari mu ɗauki garin Paiko misali, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Paikoro a Jihar Neja. Gari ne da ke bakin hanyar Minna zuwa Suleja, daga cikinsa kuma hanya ta ratse zuwa Lapai, kuma duk mai harkar doya ya san kasuwarsa ta ranar Juma'a. A da can, wanda ke son a rubuta masa takarda a gari irin wannan, sai ya nemi akawu mai tafireta a kusa da kotu ko gidan waya. Yau samari ne suka gaji wannan sana'a, kowa da ɗan shagonsa da kwamfutar tafi-da-gidanka da firinta da ƙaramin janareta. Wurinsu ake buga takardar neman aiki da yarjejeniyar sayar da fili da katin gayyatar biki, wurinsu malaman makaranta ke kai tambayoyin jarrabawa, haka nan ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da na Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai sukan kai nasu aikin in sun zo gida. To, in maɓalli ɗaya ya yi gardama a irin wannan shago, cinikin ranar ya tsaya ke nan. In kuwa aka ce sai an kai na'urar Minna, ga kuɗin mota, ga kuɗin gyara, ga yini guda ya tafi a banza. Abin da ya fi wannan muni shi ne a ƙi lura da kuskuren, a buga takarda da sunan mutum ko lambar fili a karkace, sai bayan an sa hannu an watse sa'an nan rigima ta tashi.

Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, da yawa daga cikin waɗannan matsaloli babu abin da ya lalace a jikin na'urar, kuma mai ita yana iya gano inda ciwon yake da kansa cikin ɗan lokaci, kafin ya fitar da ko kwabo.

Domin a gane dalili, sai mu waiwayi tafireta. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Latham Sholes ne ya sami rajistar ƙirarsa ta tafireta a shekarar 1868, kamfanin Remington kuma ya fara sayar da ita a 1874, kuma daga gare ta ne muka gaji jerin haruffan nan da ya fara da Q, W, E, R, T, Y. A jikin tafireta, kowane harafi a zube yake da ƙarfe a kan ɗan hannunsa, saboda haka in ka danna K, babu abin da zai bugi takarda sai K. A kwamfuta kuwa ba haka abin yake ba. Harafin da ka gani a kan maɓalli fenti ne kawai. In ka danna shi, saƙon da yake aikawa ciki shi ne, an taɓa maɓalli na kaza a layi na kaza. Sa'an nan manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar Windows, ta duba wani jadawali da ke wurinta ta yanke shawarar harafin da za ta fitar. Watau akwai tafinta tsakanin yatsanka da abin da ke fitowa a fuskar kwamfuta, kuma in tafinta ya sauya harshe, sai ka faɗi wata magana a isar da wata, alhali bakinka lafiya lau yake. Saboda haka wurare uku ne ciwo kan zauna: ko a wurin tafintan, watau saitin na'ura, ko dattin da ya shiga ƙarƙashin maɓalli, ko kuwa lalacewar kayan kansu. Mai hankali yakan fara bincike daga wanda ba ya cin kuɗi.

SAITIN DA KAN RUƊA MUTANE

Wanda ya fi yawan firgita mutane shi ne fitowar lambobi a gurbin haruffa. Ka danna J, K, L, sai ka ga 1, 2, 3. Ka danna U, I, O, sai ka ga 4, 5, 6, harafin M kuma ya zama sifiri. Dalili shi ne, ƙananan kwamfutoci da yawa, musamman tsofaffin ƙira, ba su da filin da za a sa musu rukunin lambobi a gefen dama kamar na babbar kwamfutar tebur, sai masu ƙira suka ɓoye lambobin a ƙarƙashin waɗannan haruffa. In ka duba da kyau za ka ga an rubuta su ƙanana a kusurwar maɓallan. Maɓallin da aka rubuta wa Num Lock, ko NumLk a taƙaice, shi ne ke tashe su. Maganin abin shi ne a sake danna shi, a mafi yawan na'urori tare da riƙe maɓallin Fn da ke ƙasa ta hagu. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Na biyu shi ne sauyin tsarin haruffa, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai, domin kuwa galibin kwamfutocin da ke hannun jama'a 'yan gwanjo ne da aka shigo da su daga ƙasashe dabam-dabam, kowace ƙasa kuma da nata jeri. A tsarin Amurka, in ka riƙe Shift ka danna 2, alamar @ ce za ta fito, wadda ake sawa a adireshin imel. A tsarin Ingila kuwa alamar zance ce za ta fito, in kuma ka danna 3 sai ka ga alamar fam na Ingila. A tsarin Jamus, Y da Z sun yi musayar wuri. Tsarin Faransa, wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da shi, shi ya fi nisa da namu: A da Q sun yi musaya, Z da W sun yi musaya, M ya koma gefen L, lambobi kuma ba sa fitowa sai an riƙe Shift. To, in fentin da ke kan maɓallanka na Amurka ne, tafintan da ke ciki kuma aka ce masa ya bi tsarin Faransa, sai ka rubuta sunan Aminu ka ga wani abin da ko kai ba ka iya karantawa. Sau da yawa mutum da hannunsa yake sauya tsarin bai sani ba, domin danna Alt na hagu tare da Shift, ko maɓallin tambarin Windows tare da dogon maɓallin tazara, yana juya na'ura daga wannan tsari zuwa wancan. A duba ƙasa ta dama kusa da agogo, za a ga 'yan haruffa uku, ENG ko FRA ko DEU, su ne ke nuna harshen da ake kai. A mayar da shi wanda ya dace da fentin maɓallan, sa'an nan a shiga wurin saitin harshe a cire sauran da ba a bukata.

Inda wannan ya fi cutar da mutane shi ne wajen kalmar sirri, tun da ɗigo-ɗigo kawai ake gani in ana rubuta ta. Mutum ya tabbata daidai ya rubuta, na'ura ta ce ba ta yarda ba, ya yi ta maimaitawa har a rufe masa asusu, ya tashi yana cewa ɓarayin intanet sun yi masa kutse. Da ya buɗe wani fili na rubutu ya gwada haruffan ya gani da idonsa, da ya huta.

Na uku su ne wasu gatanci da aka tanadar domin masu larurar hannu, waɗanda ba sa iya riƙe maɓalli biyu a lokaci guda ko kuwa hannunsu na rawa. In aka danna Shift sau biyar a jere, Windows takan tambaya ko a kunna abin da ta kira Sticky Keys, mai gaggawa kuma yakan amsa da to bai karanta ba. Daga nan duk lokacin da ya taɓa Shift ko Ctrl sai su liƙe suna jiran maɓalli na gaba, manyan baƙaƙe su riƙa fitowa inda ba a neme su ba. Haka nan in aka riƙe Shift na dama har daƙiƙa takwas, sai Filter Keys ya tashi, wanda aikinsa shi ne yin watsi da dannawa mai sauri ko wadda aka maimaita nan take. Ga mai rubuta Hausa, harshen da ke cike da tagwayen baƙaƙe, wannan yana iya mayar da hannu ya koma hanu, babba ya koma baba, mai saurin bugu kuma ya ga kamar allon ya mutu ɗungum. Duka biyun ana kashe su a wurin saitin masu larura, kuma ya kyautu a kashe har gajeriyar hanyar da ke kunna su.

Akwai wasu ƙanana da za mu ambata a gurguje. In sabon rubutu yana cinye na gabansa, an taɓa maɓallin Insert ne. In kibiyoyi suna tura shafi gaba ɗaya a cikin Excel, Scroll Lock ne a kunne. In ɗan tsinken nan mai ƙiftawa yana tsalle daga layi zuwa layi kana cikin rubutu, tafin hannunka ne ke shafar dandamalin linzami da ke gaban maɓallan. In kuwa malami yana buga tambayoyin zaɓi, ya sa harafin c a cikin baka biyu ya ga ya rikiɗe ya zama wata alama mai da'ira, wannan karambanin manhajar Word ne da sunan gyara, kuma ana iya hana ta.

YADDA AKE RABA GARDAMA

In duk an duba waɗannan ba a dace ba, akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, a aro allon maɓallai na waje, irin na kwamfutar tebur, a jona shi ta kafar USB. In na aron ya rubuta daidai, to ciwon a jikin allon na'urar yake. In shi ma ya yi irin wancan kuskure, sai a koma wa saiti. Na biyu, a kira allon maɓallai na kan fuskar kwamfuta, wanda ake dannawa da linzami. A Windows 10 da 11 yakan fito in an danna tambarin Windows da Ctrl da harafin O tare. Amfaninsa biyu ne: yana ba mutum damar ƙarasa aikin gaggawa, kuma in Shift ko Ctrl ko Alt ya maƙale a ƙasa, za a ga hotonsa ya sauya launi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Maɓalli ɗaya irin wannan in ya maƙale yana isa ya rikita sauran duka, har da na allon aro.

ƘURA DA RUWA

A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai wasu 'yan robobi biyu a gicciye kamar almakashi, da wata 'yar roba mai kama da ƙoƙo wadda ke mayar da maɓallin sama, can ƙasa kuma akwai siraran ledoji masu ɗauke da hanyoyin lantarki. Tazarar da maɓalli ke tafiya ba ta kai milimita biyu ba a mafi yawan na'urorin yanzu, saboda haka ƙwayar tsakuwa ko ɓarɓashin gyaɗa ya isa ya tokare shi. Wanda shagonsa ke bakin titi a Paiko, manyan motoci na wucewa dare da rana, ga kuma hunturu in ya kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bai bukatar a ba shi labarin ƙura. Kada kuwa a ɗauka wannan ciwon masu tsohuwar na'ura ne kaɗai. Kamfanin Apple, duk da tsadar kayansa, ya fito da wani sabon samfurin maɓallai a 2015 wanda ƙura kaɗan kan hana shi aiki ko ta sa ya maimaita harafi, har ta kai a 2018 ya shiga gyara wa mutane kyauta, ya daina ƙirar a 2020, a 2022 kuma ya amince ya biya dala miliyan 50 ga masu ƙara a Amurka.

Hanyar share ƙura ita ce a kashe na'ura, a cire caja, a karkata ta, a bi tsakanin maɓallai da buroshi mai laushi, sa'an nan a hura iska da 'yar robar hurawa irin ta masu gyaran waya. In maɓalli yana danƙo, a ɗan jiƙa auduga da sifirit irin nasu a goge gefensa. Ban da ruwa, ban da kananzir, ban da fetur. Ɓamɓare maɓalli da wuƙa kuwa, garin neman gira ne a rasa ido, domin 'yan robobin nan da wuya su karye su gyaru.

Ruwa ya fi ƙura haɗari, musamman mai sukari kamar shayi da kunu da zoɓo, domin ko ya bushe yakan bar danƙo, ya kuma ci hanyoyin lantarkin a hankali. In tsautsayi ya auku, a kashe na'urar nan take ta hanyar riƙe maɓallin kunnawa, a cire caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a kife ta a buɗe a kan tsumma. Babban kuskure shi ne a kunna ta domin a ga ko tana aiki, don a nan ne wuta kan haɗu da ruwa a ƙone babban allon ciki, gyaran da ya ninka na maɓallai sau da yawa. Binne ta a cikin shinkafa ko shanya ta a rana tsaka ba ya fitar da sukarin. Wannan aikin mai gyara ne, ya buɗe ya wanke.

INDA MAI GYARA YA ZAMA DOLE

Akwai alamun da ke nuna lalle kaya ne suka lalace. Maɓallan kwamfuta ba kowane ne da wayarsa ba, a jere suke bisa layuka kamar saƙar tabarma, gungu guda na tarayya a hanya ɗaya. Saboda haka in wasu haruffa da yawa suka mutu tare a lokaci guda, to hanya ɗaya ce ta yanke, ko kuwa faffaɗar wayar nan da ta haɗa allon da cikin na'ura ta saki. In sakewa ta yi, mayar da ita kawai za a yi. In yankewa ce, sai sabon allo. Alama ta biyu, wadda ba a wasa da ita, ita ce a ga allon ko dandamalin linzami ya ɗago kamar an tura shi daga ciki. Wannan batir ne ya kumbura, kuma yana iya kamawa da wuta. A daina caji, kada a danna shi, kada a huda shi, a kai a sauya.

A nan muna da magana da masu gyara. Sana'arku amana ce, domin mai kawo muku na'ura bai san abin da ke cikinta ba. Wanda aka kawo masa kwamfutar da Num Lock kaɗai ke damunta, ya ce a dawo jibi, ya karɓi kuɗin sabon allo ko na sake zuba manhaja, har a yi asarar takardun mutane a banza, ya sani abin da ya ci ba halalinsa ba ne. Wanda kuwa ya danna maɓalli biyu ya miƙa wa mai ita, ya kuma nuna masa yadda ake yi, ya sayi abokin ciniki na har abada, kuma shi za a kawo wa babban aiki ranar da ya taso. Masu saye su ma su kula: kafin a biya kuɗin 'yar gwanjo, a buɗe filin rubutu a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a duba jerin haruffan na wace ƙasa ne, a kuma tambaya ko allon mai kwancewa da sukurori ne, domin a siraran na'urorin zamani da yawa a manne yake da murfin sama, sauya shi kuma akwai tsada.

Saura ƙorafi guda wanda namu ne na masu rubuta Hausa, watau rashin ɓ da ɗ da ƙ a kan allo. Tun shekarun 1930 aka shigar da waɗannan baƙaƙe masu lanƙwasa cikin rubutun boko, domin su ne ke raba baki da baƙi, su raba kafa da ƙafa. Mutane da yawa sun ɗauka kwamfuta ba ta san su ba, alhali kuwa tun da daɗewa Windows tana da tsarin haruffan Hausa a cikinta. In aka ƙara shi a wurin saitin harshe, riƙe Alt na dama tare da b ko d ko k yana fitar da mai lanƙwasar, tare da y kuma ya fitar da ƴ wanda ake amfani da shi a Jamhuriyar Nijar. Wannan ma aikin tafintan nan ne da muka ambata, sai dai a nan mu ne ba mu gaya masa harshen da muke so ba.

Daga ƙarshe, kira muke ga makarantunmu da masu koyar da kwamfuta. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, kuma ɗalibi yana iya amsa ta da 'yan maɓallai kaɗan: A, B, C, D domin zaɓen amsa, N domin ci gaba, P domin komawa baya, S domin miƙa aiki. Yaron da ya taso daga Paiko ko Kafin Koro, wanda wataƙila sau ƙalilan ya taɓa zama gaban kwamfuta, in ya danna maɓalli ya ga abin da bai zata ba, tsoro ne zai fara kama shi, ya zauna yana zufa lokaci na tafiya, maimakon ya ɗaga hannu ya kira mai kula. Darasin awa guda a kan abubuwan da muka zayyana ya isa ya cire masa wannan tsoro. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, matambayi kuma ba ya ɓata.